Tirmini da Bashin Jinin Kazamaju

Wani mai karatu daga Zangon Damagaram ya aiko yana tambaya: me ya sa duk shekara, idan Yuli ya zo ƙarshe, sai a riƙa ambaton Tirmini? Ƙaramin gari ne yamma da Zinder, mota takan wuce shi direba bai ko rage gudu ba. To, a nan ne dawakin Sarki Ahmadu Kuran Daga suka gwabza da sojan Faransa a ƙarshen Yulin 1899, aka karya Damagaram.

Amma tushen maganar ya girmi Tirmini da fiye da shekara guda. A 1898 wani kyaftin Bafaranshe, Kazamaju, ya sauka a Zinder, da niyyar wucewa wurin Rabe, wanda ya ci Barno ya zauna a Dikwa. Sarki ya karɓe shi da baƙunci. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa, Olive.

Nan ruwayoyi suka rabu. Turawa sun fi son a ce fataken Larabawa ne suka zuga sarki, don tsoron kada Nasara ya ƙwace musu cinikin hanyar Tarabulus. Ni dai ban ga abin da zai sa a nemo mai zuga ba. Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Barno, ga Rabe ya haɗiye Barnon, ga sarki na fama da Alu Sarkin Kano ta kudu. Sai baƙo ya iso da bindigogi, ya ce zai je ya ƙulla amana da mutumin da kake kwana da tsoronsa. Wane sarki ne zai raka shi bakin ƙofa ya ce a sauka lafiya? Ɗan gidan da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa, ya ƙera igwa a cikinsa, ba ya buƙatar Balarabe ya koya masa wannan lissafi.

Lissafin ne bai fita ba. Ragowar rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta zo ramuwa, mashi da takobi suka kasa gaban harsashi a Tirmini, kuma a watan Satumba aka cim ma Kuran Daga aka kashe shi. Barikin da Turawa suka gina a Zinder sunan Kazamaju suka sa masa. A 1906 suka tuɓe Sarki Ahmadu Ɗan Bassa bisa zargin shirya bore, sai 1923 suka mayar da sarautar, a 1926 kuma suka kwashe babban birni daga Zinder zuwa Yamai.