Fasali a Kan Kamala, Asalinta da Ma'anarta

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Ma'abucin dukkan kamala, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka:

Ka sani, ya kai ɗan'uwana, kalmar kamala Larabci ce, tushenta harufa uku: kaf, mim da lam. Daga nan muka sami kammala aiki, da mutum kamili, da sunan Kamilu. Da wannan tushe Allah ya ambaci cikar addini a aya ta 3 ta Suratul Ma'ida, wadda ta sauka ranar Arfa, shekara ta 10 bayan Hijira.

Irin waɗannan kalmomi a bakin malamai da fatake suka shigo ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385. Shehu Magili kuwa ya sauka Kano zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. A wannan zamani kuma Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, ya aika wa Sarkin Katsina Ibrahim takardar nasiha.

Shi Suyuɗin ya kawo a cikin littafinsa Itƙan bambancin da malamai suka yi tsakanin tamam da kamal. Tamam shi ne kada wani yanki na abu ya ragu. Kamal kuwa shi ne kada wata naƙasa ta ragu a sifofinsa bayan ya cika. Amma mu yau mun taƙaita kamala a kan rawani, da babbar riga, da tafiya sannu sannu.

To, ya kai almajirin Bacirawa, ranar da ka yi sauka ka cika izu 60, wannan tamam ne. Kamala sai harshenka ya bar ƙarya da giba. Kai kuma ɗan kasuwa mai auna gero a Dawanau, mudu ya cika har ya yi tozo, wannan tamam ne. In ka zuba tsakuwa a ƙasan buhu, ko ka riƙe mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, babu kamala, kuma Suratul Muɗaffifina da kai take.

Kamala tsantsa ta Allah ce shi kaɗai. Bawa nema yake har ya shiga kabari, wanda kuwa ya ce ya kai, maganarsa ita ce shaidar tawayarsa. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu cika da imani. Wallahu a'alamu. Tamat.