Tarihin Aikin Fatar Ido Daga Zamanin Kahhalai

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa rataye da matsefata a wuya, tana tsige gashin idonta ɗaya bayan ɗaya saboda ya juya ciki yana kartar ƙwayar ido, to, ya ga cutar da ta haifi sana'ar fiɗar fatar ido, wato amodari, wanda ke farawa da ƙaiƙayi da kwantsa tun ana yara, ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru har cikin fatar ya yi tabo ya tamure. Mutanen Misra na dā sun rubuta magungunansa kimanin shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, likitocin Yunan da Rum kuma suka ƙara nasu; amma a ƙasashen Musulmi ne ilmin ya zama fanni mai littattafai da ma'abota, waɗanda ake kira kahhalai.

A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙu, Banasare mai fassara littattafan Yunan wanda ya rasu a 873, ya wallafa maƙaloli goma a kan ido, bayansa kuma Aliyu ɗan Isa ya rubuta Tazkiratul Kahhalin, inda ya jera cututtuka wajen 130, ya fara da na fatar ido. Sai dai wanda ya fi kai mu kusa da hannun mai aiki shi ne Abul Ƙasim Azzahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, domin a maƙala ta talatin ta littafinsa Attasrif ya zana kayan aikinsa, ya kuma bayyana yadda ake ɗage fatar da ta lanƙwashe. Likita zai shata siffar ganye da tawada a bayan fatar, daidai gwargwadon abin da yake so ta ɗagu, sannan ya ƙone wurin da lalas ko da magani mai ci, ko ya yanke ya ɗinke. Idan kuwa majinyaci na tsoron ƙarfe, sai a matse fatar tsakanin ’yan karare biyu, a ɗaure bakunansu tam, a bar ta kwanaki har ta mutu, ta yi baƙi, ta faɗi da kanta. Ga mai karatu na yau wannan azaba ce, alhali kuwa, a zamanin da babu allurar kashe zafi, rahama ce ga wanda makanta ta tasam ma.

A ganina, iyakar hikimarsu ita ce sun rage fatar waje, ga shi kuwa asalin illar yana cikin ɗan faifan nama mai tauri da ke riƙe da fatar, shi ya sa gashin kan koma gidan jiya. Likitocin da suka biyo baya ne suka kai wuƙa ga faifan kansa, suka tsaga shi, suka juyo bakinsa waje da zare. Irin wannan aikin ne, wanda ake jingina wani nau'insa ga wani likita mai suna Trabut, ma'aikatan jinya suke yi yau a ƙauyukan Nijar da arewacin Nijeriya cikin abin da bai kai rabin sa'a ba.

Haka al'amarin hanyar hawaye ya kasance. Idan ta toshe, kusurwar ido ta wajen hanci kan kumbura ta riƙa zubar da mugunya, Azzahrawi kuma ya yi umarni a yi lalas har ƙashi, in ba ta warke ba a huda ƙashin domin ruwan ya sauka ta hanci. A 1713 Bafaranshe Dominique Anel ya ƙago siririyar waya da sirinji na wanke hanyar, sannan a 1904 Addeo Toti na birnin Florence a Italiya ya buɗe taga a ƙashin ya sadar da jakar hawaye da cikin hanci, aikin da a yau akan yi shi ta ƙofar hancin ba tare da an tsaga fuska ba.