Birni, Zango da Sabon Gari: bunƙasar Zinder da sunan tsakiyarta

1. Gabatarwa

A cikin wannan ɗan nazari muna so mu duba yadda Zinder, wadda jama'a suka fi kira Damagaram, ta tashi daga mazaunin sarauta har ta zama garin jami'a, da kuma irin sunan da tsakiyar garin ta yi a bakin mutane. Ra'ayinmu shi ne garin bai taɓa tsayawa kan cibiya guda ba. Kowane zamani ya kafa tasa cibiyar, kuma kowace ta bar suna irin nata.

2. Daga Mirriya zuwa Birni

Kafin Zinder ta yi ƙarfi, akwai masarautun Tsotsebaki, irin su Mirriya da Dungas da Washa. Mirriya, mai tazarar kusan kilomita 18 gabas da Zinder, tsohon gari ne mai lambuna da sarauta tasa. Damagaram kuwa ta faro ne a ƙarni na 18 a ƙarƙashin inuwar Barno, sai a farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da mazauninsa Zinder. Ɗansa Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ƙarfafa ganuwa, ya tara bindigogi da igwa, ya faɗaɗa ƙasa. A wannan ƙarni ne Mirriya da ƴan'uwanta suka shiga ƙarƙashin Damagaram. Wato girman Birni ya samu ne daga rage girman maƙwabtansa.

A wajen ganuwa, ta arewa, Zango ya tsiro. Nan ayarin Abzinawa da fataken Gadamus da Tarabulus suke sauke kaya kafin su wuce Kano. Bature Barth ya yada zango a garin a ƙarshen 1852, ya tarar da shi mahaɗar hanyoyin fatauci. Saboda haka tun a lokacin cibiya biyu ce: Birni na fada da malamai, Zango na dukiya da baƙi. Attajiri Malam Yaro, mutumin Zango, shaida ne cewa kuɗi suna iya zama nesa da ƙofar sarki.

3. Zamanin Faransawa

An kashe kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci nasara a Tirmini, suka shiga garin, daga baya aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 Faransawa suka tuhumi fada da shirya makirci, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa, ba a maido da cikakkiyar sarauta ba sai a 1923. Daga nan sunan Birni ya rabu biyu: ga talakawa wurin daraja, ga masu mulki wurin da ake zargi.

A 1911 Zinder ta zama babban birnin yankin soja na Nijar. Tsakanin Birni da Zango aka gina bariki da ofisoshi da kantuna, Sabon Gari ya kafu, cibiya ta uku ke nan. Amma a daidai wannan lokaci jirgin ƙasa ya iso Kano, fataucin hamada ya ja baya, ciniki ya karkata kudu, gyaɗa ta maye gurbin ayari. A 1926 aka ɗauke babban birni zuwa Yamai. Daga cikin dalilan akwai ƙarancin ruwa, domin garin yana zaune kan duwatsu, da kuma kusancinsa da Kano ta Ingilishi. Har yau mutanen garin suna ambaton wannan shekara a matsayin mafarin koma bayansu.

4. Garin jami'a

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Zinder sun haura dubu 300 a gundumominta biyar. An kafa jami'ar garin a 2010, yanzu tana ɗauke da sunan André Salifou, ɗan garin wanda ya wallafa tarihin Damagaram a 1971. A 2011 matatar man SORAZ ta fara aiki a arewacin garin. Waɗannan sun kawo ɗalibai da ma'aikata daga Mirriya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut.

Sai dai sunan da ya fi yaɗuwa a waje wani ne daban. Ƙungiyoyin matasa da ake kira fale, da tarzomar watan Janairu na 2015 wadda aka ƙona cibiyar al'adun Faransa a cikinta, da fim ɗin Aïcha Macky na 2021 kan unguwar Kara-Kara, sun sa baƙo yana jin sunan garin da fargaba. A nan muna jan hankali cewa Kara-Kara unguwar gefe ce da aka keɓe wa kutare. Laifin wariya ne aka ɗora wa gari duka, har ya lulluɓe Kasuwar Dole da Birni da Zango.

5. Kammalawa

Abin da ke cikin haɗari a fili yake. Tun 2006 Birni yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma gidajen ƙasa masu zanen bango suna zubewa kowace damina, siminti yana maye gurbinsu. Ɗalibin da ya zo daga Mirriya yana iya gama karatunsa bai san cewa garinsu ya taɓa zama masarauta mai cin gashin kanta ba. Muna ganin aikin sashenmu ne mu tura ɗalibai unguwa-unguwa, su auna gidaje, su ɗauki bayanin dattawa da magina, a Birni da Zango da Mirriya baki ɗaya. In ba haka ba, waɗanda ba su taɓa kwana a garin ba su za su ci gaba da raɗa masa suna.