Cavus: kalmar Latin ta kogo da rassanta

Cavus, wadda Rumawa ke furtawa "kawus", siffa ce a harshen Latin ta duk abin da cikinsa fanko ne: kututturen da ya yi kogo, rami a jikin dutse, har tafin hannu idan an lanƙwasa shi don ɗiban ruwa. Masana tarihin harsuna suna danganta ta da wani tsohon tushe mai ma'anar kumburi, domin abin da ya kumburo ta waje sau da yawa babu komai a cikinsa. Koilos ta Girkanci ma daga wannan tushe ta fito.

A birnin Rum kalmar ta shiga har cikin gida. Tsakar gida, wato filin da ɗakuna suka kewaye, ana kiranta cavum aedium, "kogon gida", kamar yadda malamin harshe Varro ya bayyana a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Da Latin ya rarrabu, kowace ƙasa ta ja nata rabon. Sifaniyawa suka sami cueva. Sunan Covadonga ma, inda aka gwabza tsakanin mayaƙan shugaban Kiristoci Pelayo da rundunar Musulmin Andalus wajen shekarar 722, yana ɗauke da tsohuwar siffarta, cova. Faransanci ya riƙe cave, amma yau ma'anarta ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Turancin Ingila ya are ta daga Faransanci bayan cin ƙasar da Normawa suka yi a 1066, kuma tun ƙarni na 13 ya tsayar da ita kan kogon dutse. Likitoci na da nasu kason: vena cava, manyan jijiyoyi biyu masu mayar da jini zuciya, da cavity, kogon haƙori.

Reshen da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne cavea. Da ita Rumawa ke kiran wurin tsare namun daji, da gidan tsuntsu, da amyar zuma, da kujerun 'yan kallo masu hawa-hawa a gidan wasa. A nan ma'ana ta karkata daga wurin da babu kowa zuwa wurin da ake kulle mai rai, kuma bayan tsuntsu sai aka kai ga ɗan Adam. Caveola, "ƙaramar cavea", ta zama gaiole a bakin Normawa, jaiole kuma a Faransancin Paris. Ingila ta karɓi duka biyun, shi ya sa kurkuku ke da rubutu biyu a Turanci, gaol da jail, alhali furucin ɗaya ne.

Ita cavea kanta ta zama cage a Faransanci, Turanci ya ɗauka. Ta hannun Turawan Ingila ta iso ƙasar Hausa, inda masu kiwon kaji da tattabarai ke kiranta keji.