Hana murhun jin ɗumi yin tsatsa da damina: nawa wutar lantarki za ta ci?

A Madarumfa da ƙauyukan da ke kewaye da tafkinta, murhun ƙarfe na jin ɗumi wata uku kacal yake aiki a shekara. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15, sai a zuba masa garwashi tsofaffi da yara su kewaye shi. Da ɗari ya wuce sai a ajiye shi bayan ɗaki ko ƙarƙashin rumbu. Ranar da aka sake nemansa, sau da yawa a kan tarar tsatsa ta cinye gindinsa.

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin sabon murhu ba. Murhun da gindinsa ya ɓule yana zubar da garwashi a kan tabarma ko katifa, kuma a lokacin hunturu, da komai ya bushe ƙayau, gobara ba ta da wuyar tashi.

A ƙasashe masu sanyi irin su Faransa da Kanada, inda ake girka babban murhun ƙarfe a cikin ɗaki, wasu magidanta na maganin wannan matsala da lantarki: su bar ƙaramin ƙwan fitila ko sandar ɗumama a kunne cikin murhun duk tsawon watannin da ba a hura shi, ko su kunna na'urar tsotse laima a ɗakin. Dabarar tana aiki. Abin tambaya shi ne ko kuɗin da take ci ya dace da gida a jihar Maraɗi.

Abin da ke kawo tsatsa

Tsatsa na samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci guda. Ba sai ruwan sama ya jiƙa ƙarfen ba. Laimar da ke cikin iska ta isa. Masana ƙarafa sun daɗe da lura cewa idan laimar iska ba ta kai kashi 60 cikin 100 ba, tsatsa tafiyar hawainiya take yi, amma da ta haura haka sai ta kama gudu.

Da hunturu laimar iska a yankin Maraɗi kan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, shi ya sa ƙarfe ke kwana a waje ba abin da ya same shi. Daga Yuni zuwa Satumba lamarin ya juya, musamman a watan Agusta, lokacin da laimar asuba kan zarce kashi 80. Gundumar Madarumfa kuwa tana cikin sassan Nijar da suka fi samun ruwan sama, ga tafki, ga fadamun Gulbin Maraɗi da ke riƙe danshi har bayan an ɗauke ruwa. Da dare ƙarfe ya fi iskar da ke kewaye da shi saurin yin sanyi, sai raɓa ta kwanta a kansa.

Abu biyu na ƙara wa matsalar ƙarfi. Na farko tokar da aka bari a ciki, domin tana jan laima ta riƙe ta a jikin ƙarfen kwana da kwanaki. Na biyu ajiye murhun kusa da gishiri, kanwa ko takin zamani, waɗanda su ma masu jan laima ne, kuma ruwan da ya narkar da su ya fi ruwa zalla cin ƙarfe. Murhun da ake dafa shayi a kansa kullum ba ya saurin lalacewa haka, don wuta na busar da shi kowace rana.

Yadda lantarki ke hana ta

Ƙwan fitila ko sandar ɗumama ba sa kashe tsatsa. Aikinsu shi ne su sa ƙarfen ya ɗan fi iskar ɗakin ɗumi da digiri kaɗan, yadda raɓa ba za ta kwanta ba. Wannan na buƙatar wutar ta zauna a kunne dare da rana, kuma murhun ya kasance a rufe cikin akwati ko wani ƙaramin wuri. Ɗumin da ake samu daidai yake da yawan wat ɗin da abin ke ja. Saboda haka ƙwan LED mai wat 5 ko 7, wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu, ba ya ba da ɗumin kirki. Sandunan da ake sayarwa don wannan aiki sukan kama daga wat 12 zuwa 25.

Lissafin kuɗin

Kamfanin NIGELEC yana sayar da wuta ne da ma'aunin kilowat-awa, wanda ake rubutawa kWh a takardar biyan kuɗi. Ana samun sa ta hanyar ninka wat da yawan awoyi, sannan a raba da 1000. A tsarin farashin da ya fara aiki a Janairun 2018, gidan da bai wuce kWh 50 a wata ba yana biyan kimanin sefa 59 kan kowane ɗaya. Sauran ƙananan gidaje na biyan kimanin sefa 68 har zuwa kWh 150, kusan sefa 90 daga nan zuwa 300, sannan sefa 127 ga abin da ya haura. Haraji da sauran ƙananan kuɗaɗen da ke kan takardar ba sa cikin wannan.

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba kwana 122 ne. Idan aka ɗauki farashin sefa 68:

Sanda mai wat 15 tana shan kWh 10.8 a wata, kusan 44 a damina ɗaya, wato kimanin jika 3.

Mai wat 25 tana shan kWh 18 a wata, 73 a damina, kimanin jika 5.

Tsohon ƙwan fitila mai wat 40 yana shan kWh 117 a damina, kusan jika 8.

Na'urar tsotse laima mai wat 250, ko da awa 8 kawai take aiki a rana, tana shan kWh 60 a wata, 244 a damina. Kuɗinta ya haura jika 16, kuma zai kusanci jika 22 idan ta tura gidan zuwa matakin sefa 90.

Akwai wani abin lura ga masu ƙaramin ƙarfi. Gidan da ke shan kWh 40 a wata, idan ya ƙara sanda mai wat 15, ya haura iyakar kWh 50 da aka yi wa rangwame ke nan. Kowane magidanci na iya ɗora nasa farashin daga takardarsa a kan waɗannan alƙaluma, ya kwatanta da abin da maƙeri zai karɓa kan sabon murhu a kasuwar Madarumfa ko ta Ɗan Isa. Kuɗin wuta kowace damina sai an sake biyan sa, murhu kuwa sau ɗaya ake saye a yi shekaru da shi.

Wutar da ba ta tsayawa

Ko da kuɗin bai dami mutum ba, dabarar ta dogara ne ga wutar da ba ta ɗaukewa. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar Nijar ne ke da lantarki, a karkara kuma adadin bai kai haka ba. Jihar Maraɗi ta daɗe tana samun wutarta ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar, a tsakiyar damina, ba ta dawo da ita ba sai a Maris na 2024. A shekarun da babu rikici ma, wuta kan ɗauke lokacin hadari da iska, wato daidai sa'ar da laima ta fi yawa.

Masu faifan hasken rana su ma ba su tsira ba, don da dare ake buƙatar ɗumin. Sanda mai wat 15 na awa 12 za ta zuƙe wutar batir da ta isa cajin wayoyi fiye da goma.

Hanyar da ba ta cin wuta

Kariyar da ta fi dacewa ita ce raba ƙarfen da laima tun kafin ruwan farko ya sauka, a watan Afrilu ko Mayu. A zubar da tokar gaba ɗaya. A goge murhun da buroshin waya ko yashi da tsumma har tsohuwar tsatsa ta fita. A shanya shi a rana wuni guda. A shafa masa man gyaɗa kaɗan ciki da waje, a ɗan gasa shi a wuta har man ya kama jikinsa, kamar yadda ake yi wa sabon kaskon suya. Baƙin man inji yana hana tsatsa, amma hayaƙinsa na da illa idan aka hura murhun a ɗaki, kuma bai dace da abin da ake ɗora abinci a kai ba.

Bayan haka a rataye shi ko a ɗora shi a kan katako, kada gindinsa ya taɓa ƙasa, nesa da taki da gishiri. A rufe shi da buhu mai shan iska. Leda da aka ɗaure gam tana tara gumi a ciki. A tsakiyar Agusta a duba shi sau ɗaya, a ƙara mai inda ya bushe.

Inda lantarki ke da riba

Ɗumama ƙarfe da lantarki yana da ma'ana idan kayan na da tsada kuma laima na iya kashe su gaba ɗaya. Manyan injunan lantarki na tura ruwa, irin waɗanda filayen noman rani kamar na Jiratawa ke dogaro da su, misali ne: laima na lalata naɗin wayar da ke cikinsu idan sun daɗe a tsaye, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injuna kan sa musu ƴar na'urar ɗumama a ciki. A can, jika 5 na wuta na kare kayan da kuɗinsu ya ninka haka sau ɗaruruwa. Ga murhun gida kuwa, cokali biyu na man gyaɗa da wuri busasshe sun wadatar har hunturu ya dawo.