Ibn Zaidun da Wallada: Son Maso Wani a Birnin Ƙurɗuba

A shekarar 1031 daular halifancin Banu Umayya ta rushe a Andalus, ƙasar da mafi yawanta take cikin Sifaniya a yau. Mulkin birnin Ƙurɗuba ya koma hannun Abul Hazm ɗan Jahwar, kuma cikin waɗanda ya ja a jiki har da wani saurayi mai kaifin harshe, Ahmad ibn Zaidun, haifaffen birnin a 1003, jinin Banu Makhzum na Ƙuraishawa.

A birnin akwai Wallada, 'yar Halifa Muhammad al-Mustakfi. Sarauta ta bar gidansu, amma ilimi da kwarjini ba su bar ta ba. Ta mayar da gidanta dandalin mawaƙa da masana, ana baje kolin baitoci, ita ma tana sa nata. A nan suka haɗu, soyayya ta ƙullu, saƙonninsu suka riƙa kai da komo cikin waƙa.

Zumar ba ta daɗe ba. Wallada ta zarge shi a waƙa da karkata ga wata kuyangarta, ta juya masa baya, ta saurari wani waziri mai suna Ibn Abdus. Kishi ya rufe wa Ibn Zaidun ido. Ya rubuta wa abokin takararsa doguwar wasiƙar ba'a da sunan Wallada, kamar ita ce ke yi masa tatas. Masana sun yaba da fasahar wasiƙar, har daga baya Ibn Nubata na Masar ya yi mata sharhi, amma ta jefa sunan 'yar halifa a bakin duniya, ta ƙara wa marubucinta maƙiya a fada. Aka shigar da shi ƙara kan wata dukiya, aka tsare shi kimanin kwana 500. Ya roƙi afuwar Ibn Jahwar bai samu ba, ƙarshe ya tsere.

Cikin wannan kaɗaici ya yi ƙasidarsa mafi shahara, Nuniyya, mai baiti wajen 50. Mutum ne da ya rasa masoyiya, ya rasa muƙami, ya rasa garinsu a lokaci guda. Yana kwatanta kwanakin da suka wuce da na yanzu, yana rantsuwar bai sauya ba, yana roƙon ta riƙe alkawari ko da daga nesa. Ƙarfin waƙar yana cikin wannan ƙasƙantar da kai: wazirin da ake tsoron harshensa ya koma mai bara a ƙofar da aka rufe. Hausawa sun ce son maso wani ƙoshin wahala, kuma shi ya ƙoshi. Wallada ba ta dawo ba.

A 1049 ya koma birnin Ishbiliya, ya zama waziri ga Sarki al-Mu'utadid, sannan ga ɗansa al-Mu'utamid. A can ya rasu a 1071. Wallada ta rayu har wajen 1091, ba ta taɓa aure ba.

Kusan shekara 1,000 ke nan ɗaliban Larabci na haddar Nuniyya suna tausaya wa mawaƙin, kuma ya cancanci tausayi. Sai dai diwaninsa ya iso gare mu da kaurinsa, nata kuwa 'yan baitoci ne suka tsira a littattafan wasu. Haka adabin soyayyar da ba ta samu karɓuwa ba ya saba: wanda aka ƙi shi ke riƙe da alƙalami, wadda ta ƙi sai a kira ta mai taurin zuciya. Wallada tana da hujjarta, an ci amanarta an kuma yi wasa da sunanta. Adalci shi ne duk malamin da zai karantar da kukan Ibn Zaidun ya faɗa wa ɗalibansa abin da ya jawo shi.