Tafinta tsakanin lauya da manomin Safana

Aikinmu na tafinta ya girmi kotun majistare a ƙasar Katsina. Bayan Turawa sun shigo a 1903, Razdan da Di'o ba sa fita rangadi sai da mai juya magana a gefe. In sun sauka wajen Sarkin Ruma, abin da tafinta ya faɗa shi Bature ya ji, kan jangali ne ko kan iyakar gona. Shi ya sa aka ji tsoronsa, aka riƙa kai masa gaisuwa. A Kano, Adamu Jakada ya yi suna ta wannan hanya.

Kotun alƙali ba ta nemi tafinta ba, don da Hausa ake shari'a. Da dokar Finalkod ta fara aiki a 1960, lauyoyi kuma suka yi ta ƙaruwa, sai aikin ya tattara ya koma majistare da babbar kotu, inda Turanci ne harshen rubuta shari'a. Ƙarfin faɗa a ji ya tafi, nauyin kuwa ya ƙaru.

Ɗauki manomin da ya taso daga wani ƙauyen Safana, kusa da Dajin Rugu, zai ba da shaida kan shanun da aka kora. Lauya ya gyara riga ya ce masa "elucidate". Kalma ce ta littafi, ko Bature bai cika faɗinta a gida ba, nufinta a haskaka abin da ya shige duhu. Sabon tafinta zai ce, "Ka yi bayani." Nan take dattijo zai koma tun daga faɗuwar damina, alƙali ya gaji da rubutu. Wanda ya goge kuwa ya san lauya gaɓa ɗaya yake nema, sai ya ce, "Baba, batun lokacin nan za ka warware mana, kafin sallar asuba ne ko bayanta?"

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai ji harshen kotu ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancinmu a bakin aiki muka koya, ba a aji ba. Sau da yawa ma'aikacin kotun da ke kusa ake rantsarwa, alhali ɗauri ko sakin mutum na iya rataya a kan jimla ɗaya da ya juya.